Karatun Ƙasa

Shekara uku cif mutanen tashar jirgin Minna suna kirana Baban Di'o, ni kuma ina amsawa. Ba ni na raɗa wa kaina sunan ba, amma ban hana ba. Sunana Ya'u, ni ne helman 'yan dako a shagon kaya. Duk buhun da zai hau tarago ko ya sauka, ta hannun mutanena yake bi.

Ɗana na fari sunansa Maliki. A takarda ne na iya rubuta sunan, a baki ban taɓa kiransa ba, don ɗan fari ne. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. Ya durƙusa, in tambaye shi hanya, ya ce lafiya, in ce madalla, ya tashi ya shiga wajen uwarsa. Haka ubana ya yi da yayana, haka ni ma na yi, ban ga laifin abin ba.

A shekarar 1968, ana tsakiyar yaƙi, ya samu shiga jami'a a Zariya. Wasiƙarsa ta farko gajeriya ce. Ya ce an karɓe shi, ya samu ɗaki, abinci ba laifi, sannan ya ce, "Baba, karatun ƙasa zan yi, shekara uku." Na bi ta da yatsa har sau uku, sannan na kai wa Ndanusa, akawun awo na shagonmu, wani Banufe da ya yi makarantar midil a Bida. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce karatun ƙasa ai shi ne mulki. Masu irinsa ne ake yi wa Di'o mai mulkin gunduma, daga nan Razdan mai mulkin lardi, daga nan sai abin da Allah ya yi. Ya ce Turawa sun tafi, an yanka jihohi goma sha biyu, kujeru na nan babu kowa a kai, masu digiri ake nema ido rufe. Kafin azahar duk tasha ta ji.

Wasiƙun da suka biyo baya ba su rage komai ba, ƙari ma suka yi. In an yi dogon hutu ba ya daɗewa a gida, sai ya rubuto cewa sun tafi rangadi duba ƙasa, yau wajen Mokwa, gobe wajen Kontagora. Wa ke rangadi in ba mai mulki ba? Akwai wata da ta tsorata ni. Ya rubuta, "Ƙasarmu ta gaji. Shekara da shekaru ana cin amfaninta, ba a mayar mata da komai. In ba a tashi tsaye ba, 'ya'yanmu ba za su sami abin ci ba." Lokacin sojoji sun cika tasha, kowane jirgi da su. Ndanusa ya karanta, ya ce in ƙone ta. Na ƙone ta a murhun mai shayi. Muka rubuta masa amsa cewa ya kama bakinsa, ya bar maganar ƙasa har ya gama. Ya amso da cewa in ya bar maganar ƙasa ba zai ci jarrabawa ba. Na ce a raina yaron nan taurin kaina ya ɗauko, na kuma ji daɗi.

Hutun Ista na shekararsa ta ƙarshe, 1971, ya aiko cewa ba ta Kaduna zai zo ba, a jirgin Ikko zai sauka, don suna rangadi wajen Zungeru. Na sa mutum biyu su tarye shi, ni kuma na tsaya daga bakin shago kamar aiki nake dubawa. Ana zafin nan na bazara da ƙarfen dogo ke ƙona ƙafa. Ya sauko da wando mai ƙura, a hannunsa wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki, irin na masassaƙa na huda katako amma ya kai ƙirjin mutum. Bayansa akwatin katako. Gimba, wanda ya fi kowa ƙarfi cikin mutanena, shi ya ɗauka, sai da ya yi nishi. Na ji yana cewa littattafan mulki akwai nauyi.

Bai yi taku ashirin ba gindin akwatin ya ɓalle.

Babu littafi ko ɗaya. Ƙananan jakunkunan yadi ne, sun fi hamsin, kowace da 'yar takarda ɗaure a wuya. Wasu suka fashe. Ja, baƙa, fara, mai tsakuwa, duk ta watsu a dandamali. Ƙasa ce. Ƙasar nan dai da ake takawa. Ɗan jami'a ya zube a gwiwa gaban fasinjoji da masu tallar doya da sojoji, yana tattarawa da tafin hannu, yana roƙon mutane kada su taka, kada ta gauraya.

Gimba ya ɗauki jaka ɗaya ya jinjina, ya juyo wajena ya ce, "Helma, Di'on namu tun bai hau ba ya fara kwasar ƙasa."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na duba inda Ndanusa yake, na ga ya shige ofis ya jawo ƙofa.

Ban koma gida ba sai la'asar. Na tarar da Rekiya, uwarsa, tana ɗinke jakunkunan da suka yage, hankalinta kwance. Na tambaye ta ko ta san mene ne wannan. Ta ce ƙasar karatunsa ce mana. Na ce wane karatu. Ta ce na noma. Tun hutun farko ta sani, don ita ke wanke kayansa, ta ga jar laka har gwiwa ta tambaye shi. Na ce shekara uku kina ji ana kirana Baban Di'o ba ki ce komai ba? Ta ce ita ta ɗauka wasan tasha ne, kuma ban taɓa tambayarta ba. Ta ci gaba da ɗinkinta.

Ranar ce karo na farko a rayuwata na ce a turo mini shi zaure, na ce ya zauna, ba durƙuso ba.

Ban yi kwana-kwana ba. Na tambaye shi me ya yi shekara uku yana karantawa. Ya ce aikin gona, amma ɓangaren da ya fi mayar da hankali shi ne sanin ƙasa: me ke cikinta, me ta rasa, wane amfani take so, me ya sa gonar da ta ba da buhu goma bara take ba da huɗu bana. Na ce me ya sa bai rubuta noma ba.

Ya ce, "Na san in na rubuta noma za ka dawo da ni gida, Baba. Sai na rubuta ƙasa. Ba ƙarya na yi ba, amma ban cika maganar ba. Wasiƙar da na ce ƙasa ta gaji, hanyar faɗa maka nake nema."

Gaskiya ya faɗa, da na dawo da shi. Ni ɗan manomi ne daga ƙasar Kontagora. Ina da shekara goma sha biyu fara ta sauka mana, ta cinye dawa har kara, shekara biyu a jere. Na ga ubana, mutumin da ya fi kowa garma a ƙauyen, yana tonon gidan tururuwa don ya samo mana tsaba. Ƙannena biyu ba su kai kaka ba. Da ƙafa na zo Minna. Shekara talatin da wani abu ina ɗora buhu a wuya, wuyan ma ya daina juyawa sosai, duk don kada wani nawa ya sake sunkuyawa gaban ƙasa yana jiran abin da za ta ga dama ta ba shi. Sai ga wanda ya kai inda babu wanda ya taɓa kaiwa a zuriyarmu ya yi kewaye ya koma can. Na faɗa masa wannan duka. Bai ɗago kai ba.

Da na gama sai ya ciro takardu biyu daga aljihu ya ajiye a tabarma. Ya ce duk mai gamawa bana an ba shi irinsu, kuma ranar da suka koma za a karɓa. Ɗaya ta aikin mulki ce. Ashe ba a tambayar me mutum ya karanta, digiri kawai ake so. In ya cika ta, bayan 'yan watanni yana mataimakin Di'o a wani gari. Ɗayar kuma ta binciken ƙasa ce a ma'aikatar gona. Guda ɗaya ake cikawa. Jirginsa ranar Alhamis.

Ya ce, "Wadda ka ce ita zan cika. Amma ina so ka ji yadda na tsara tawa tukuna."

Wallahi sai da numfashina ya dawo. Ashe ƙofar ba ta rufe ba. Na ce ya faɗi, don na riga na san amsata.

Ya ciro wata takardar, wannan da hannunsa ya rubuta, ta sha ninki har ta fara yagewa. Ashe tun shekararsa ta biyu yake gyara ta. In ya gama a watan Yuni, zai yi shekara biyu a wata tashar gwaji yana bin waɗanda suka fi shi sani. Daga nan ya nemi ƙaro karatu a waje, don akwai awon da ba a iya yi a nan tukuna. In ya dawo, abin da yake so ya yi da rayuwarsa shi ne ya bi ƙasar doya tun daga Paiko har Kuta, gona gona, ya zana taswirarta, yadda in an kawo takin zamani ba za a zuba wa kowa iri ɗaya kamar rabon goro ba. Har ya rubuta Gwaranci a ciki, wai dole ya ƙara koyo, don wanda ya iya na kasuwa ne. Ya rubuta abin da zai yi in bai samu tafiya waje ba. Ya rubuta sunayen malamai biyu da za su tsaya masa. Ban taɓa ganin mutum ya shimfiɗa shekara goma a takarda ɗaya kamar jadawalin jirgi ba, kuma duk wannan wahala a kan turɓaya.

Na fara yi masa tambaya. Gida fa? Ya ce za a ba shi a tashar gwajin, cikin daji ne, amma da kwano. Mota? Ta gwamnati, in za a fita aiki. Ɗan sanda zai sara masa? Ya ce a'a. Masinja? Ya ce sai dai leburori biyu masu haƙa rami. Na ce zai riƙe fartanya ko ba zai riƙe ba. Ya ce wani lokaci zai riƙe.

Sai na tambaye shi abin da babu a takardar. Na ce to ka gama zanen, wa zai saurare ka? Bagwarin da kakansa ya noma doya a wurin nan tun ba a shimfiɗa dogo ba, shi ne zai tsaya ɗan Hausa mai wando ya gaya masa halin gonarsa? Ya duba takardarsa sama da ƙasa. Ya ce bai rubuta wannan ba.

Nan na kama shi. Na ce gobe za mu je wajen Shekwolo.

Shekwolo tsohon manomi ne, Bagwari, a bayan Bosso. Shekara ashirin ina loda doyarsa zuwa Kano, kuma ko a cikin tarago ɗari ina gane tasa. Mutum ne da ba ya ganin girman kowa a kan gona. Na san ya taɓa raka wani malamin gona har bakin hanya, ya ce masa ya dawo in ya yi gemu. Sharaɗina ɗaya ne. In Shekwolo ya ga amfanin abin, a cika ta ƙasa. In ya yi dariya, a cika ta Di'o, magana ta ƙare. Yaron ya ce ya yarda.

Da sassafe muka hau kekuna, shi da ƙarfensa ɗaure a baya, mutane na kallo. Mun same shi a gona, an gama tula ƙasa ana dasa iri, mata na kawo ganye ana rufe kan kowane tuli saboda rana. Ya tarye ni da tsiyar da ya saba, wai Helma ya zo koyon aiki bayan tsufa. Na nuna masa yaron, na ce ɗana ne, shekara uku yana karatun ƙasa a Zariya, na kawo shi ya gwada. Hausar Shekwolo ta tasha ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya dubi yaron, ya dubi ƙarfen, ya ce, "Kasa na Zariya ne ya karanta, ko nawa?"

Ya kai mu wani fili da bai taɓa ba bana, ya ce yaro ya nuna masa inda ya fi kyau da doya. Maliki ya cire takalmi. Ya huda nan, ya huda can, yana murɗa ƙarfen yana zaro ƙasa, yana jera ta a kan ganye bisa zurfinta. Ya tofa yawu a tafin hannu ya murza ta, ya sunsuna, har ya ɗan taɓa a harshe. Ina tsaye ina kallon ɗan da na saya wa takalmi tun yana aji ɗaya yana lasar ƙasa. Na juya baya.

Ya daɗe. Daga ƙarshe ya nuna wani gefe daga gangare, ya ce nan. Baƙa ce, tana da zurfi, babu marmara a ƙarƙashi, doya za ta sami wurin miƙewa.

Shekwolo ya yi dariya. Ba 'yar ƙarama ba, sai da ya dafa garma, matan da ke aiki suka ɗago. Ya ce duk abin da yaro ya faɗa haka ne, baƙa ce, mai zurfi ce. Amma in watan takwas ya yi, ruwan dutsen da ke saman gonar nan yake sauka ya kwana goma, duk doyar da ke wurin ruɓewa za ta yi. Ya tsuguna ya tumɓuke wata ciyawa mai kaifin ganye ya miƙa masa.

Ya ce, "Wannan ya gaya maka tun ka zo. Kai kana kallo ciki na rami, ba ka kallo waje."

Na ci. Ya kamata in ji daɗi, kuma na ji, na ɗan lokaci. Na ɗauka yaron zai yi musu ko ya kawo Turanci, don haka 'yan boko suke. Sai na ga ya ciro littafi ya tambayi sunan ciyawar da Gwaranci, ya rubuta, ya sa ganyen a tsakanin shafi. Ya tambaya ko akwai wasu ciyayin masu magana irin wannan. Tsoho ya ce suna da yawa. Suka fara tafiya, wannan na nunawa, wancan na rubutu. Mutum mai shekara goma sha shida a makaranta yana bin wanda bai san harafi ɗaya ba, yana cewa a maimaita masa. Suka bar ni da kekuna a gindin ɗorawa fiye da awa guda.

Da na gaji na bi su. Na same su a can ƙarshen gona, wani wuri da aka bari ba tuli, faɗinsa ya kai filin masallacin Juma'a. Shekwolo ba ya dariya yanzu. Yana gaya masa cewa nan ne wuri mafi kyau da ubansa ya bar masa. Shekara huɗu ke nan doyar wurin tana fitowa da kyau a ido, amma in ta yi wata biyu a rumbu sai fatar ta tsattsage, a fere a ga cikin ya bushe ya yi baƙi. Ya sauya iri. Ya bar wurin ya huta. Ya yi abin da tsofaffi suka ce a yi. Bai ga canji ba, kuma bara abin ya fara matsowa cikin sauran gonar. Ban taɓa jin wannan magana ba, ni da nake loda masa kaya. Ya tambayi yaron ko karatunsa ya san wannan.

Maliki ya ce, "Ban sani ba, Baba. Ina zargin wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, amma zargi ne. Sai an duba a madubin da ke makaranta. Ko an duba ma, ba lallai in samo magani bana ba."

Tsohon ya ƙare masa kallo. Sannan ya kira wata cikin matan, ya ce ta kawo buhu.

Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai gane abin da na gani ba. Manomi ba ya barin baƙo ya ɗebi ƙasar gonarsa. A garinmu in aka kama mutum da ƙullin ƙasar gonar wani, sai an kai gaban mai gari, don an san da ita ake ɗauke albarkar gona a mayar wata, da ita ake yi wa mutum sammu. Tun da muka iso na lura duk ramin da yaron ya huda, Shekwolo na bin baya yana mayar da ƙasar da ƙafa yana dannawa. Ko ƙwaya bai bari ta bar wurin ba. Wannan mutumin ne ya ɗauki garma da hannunsa, ya tambayi yaro daga ina da ina, zurfin nawa. Ya sara wuri biyar, ya zuba a buhu, ya haɗa da doya biyu masu ciwon daga rumbu, ya ɗaure bakin. Matan suka daina aiki suna kallo. Ɗaya ta yi masa magana da Gwaranci da ƙarfi, bai kula ta ba. Ya ɗora buhun a hannun Maliki.

Ya ce, "Ubana yana kwance kusa da wurin nan. Kada ka zubar a hanya. In ka gani, ka zo ka gaya mini. In ba ka gani ba, ka zo ka gaya mini."

Ni bai ce mini komai a kan gwajin ba. Ya dai ce in gaya wa Gimba ya daina jefa masa doya kamar dutse.

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Bosso. Buhun ya yi wa kekensa nauyi ga ƙarfe, sai na ce ya kawo in ɗaura a nawa. Da muka iso gida ya yi wanka, ya zo zaure ba tare da an kira shi ba, da alƙalami da takardun nan biyu. Ya ajiye ta ƙasa gefe, ya jawo ta mulki gabansa.

Ya ce, "Ya yi dariya, Baba. Sharaɗi ya cika."

Ya fara rubuta sunansa. Bai dube ni don in ji tausayi ba. Ina kallon alƙalamin yana tafiya. Abin da na nema shekara talatin ke nan, ga shi ana rubutawa a gabana, saura layi kaɗan.

Na tambaye shi, in ya tafi aikin mulki, wa zai duba buhun. Ya ce kafin Yuni zai leƙa abin da ya samu, sauran ya bar wa wani abokinsa. Na ce Shekwolo ya san abokin? Ya ce a'a. Na ce a hannun wa ya ɗora? Ya ce nasa. Na ce aikin na wata biyu ne? Ya ce gaskiya zai iya cin shekara uku, ko fiye.

Ni aikina kaya ne. Abu ɗaya na sani a duniya, wanda ya karɓi kaya shi ke kai su. Ban taɓa barin mutumina ya ajiye buhun wani a tsakiyar dandamali don an kira shi wani aiki mai maiƙo ba, kuma na kori mutum biyu a kan haka. Da yaron ya ce wa tsoho ba zai iya ba, da shi ke nan. Amma ya miƙa hannu biyu ya karɓa, a gabana, kuma ni na kai shi.

Na ce, "Ajiye wannan. Ɗauko ɗayar."

Ya tsaya da alƙalami a sama. Ya ce ai sharaɗin dariya ne.

Na ce, "Na san abin da na ce. Ka karɓi ƙasar mutum. Ba za ka kai ta ofis ka zauna a kanta ba."

Ya buɗe baki zai yi godiya, na hana shi. Na gaya masa kada ya ɗauka na yarda da abin. Ban yarda ba, har yau ina ganin wanda Allah ya ɗaga ya koma tonon rami ya yi wauta. Na ce kuma ya ƙara layi a takardar tsarin nan tasa, duk hutu sati biyu a gonar Shekwolo, da garma, ba da littafi kaɗai ba, tunda ciyawa ma ta fi shi sanin wurin. Ya rubuta. Sannan ya jawo takardar binciken ƙasa ya cika ta tun daga sama har ƙasa, ni ina zaune, ya busa tawada ta bushe, ya ninke.

Ranar Alhamis ban tura kowa ba. Ni na ɗauki buhun a wuyana daga gida har tasha, na sa shi a tarago da kaina, na gaya wa gadin jirgin kada ruwa ya taɓa shi.